Babban Jirgin Fasinjan Da Ya Fi Kowanne Gudu, Da Namu Na Legas Da Bai Taɓa Yin Sauri Ba

Ga rubutaccen shirin wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bari su saurari murya, da waɗanda suka fi son su karanta a nutse bayan Isha'i.

Abin da ya kawo maganar yau gardama ce aka yi a teburin mai shayi a nan Kazaure. Wani ya kafe cewa Titanic shi ne jirgin ruwan da ya fi kowanne gudu a tarihi, wai gudun ne ma ya kashe shi. Wani kuma, ɗan Roni, direban haya ne, ya ce shi fa ko da tsohuwar Golf ɗinsa zai tsere wa duk wani jirgin ruwa da aka taɓa ƙerawa. Aka yi ta dariya, aka ce ya cika baki. To, na farkon bai yi daidai ba. Direban kuma, abin mamaki, in dai manyan jiragen fasinja ake nufi, yana da gaskiya. Amma gaskiyar tasa rabi ce, kuma ragowar rabin shi ne shirinmu na yau.

Mu fara da ma'auni, don kada mu ɓata a hanya. A teku ba a cewa kilomita kaza a awa, ana cewa not kaza. Kalmar asalinta ƙulli take nufi. A da, matuƙa sukan jefa wani katako a ruwa ɗaure da igiya mai ƙulle-ƙulle, su ƙirga ƙulli nawa ya zare daga hannunsu kafin yashin agogo ya ƙare. Sunan ya zauna har yau. Not ɗaya daidai yake da kilomita 1.852 a awa. Idan kana son lissafin kai, ka ninka biyu ka rage kaɗan.

Ƙarfin inji kuma ana auna shi da ƙarfin doki, wato hospawa, abin da kuke gani an rubuta a jikin injin ban ruwa. Irin injin da ake noman rani da shi a fadamunmu yawanci 5.5 ne ko 6.5. Babur ɗin haya bai wuce wajen 8 ba. Ku riƙe waɗannan lambobi, za mu dawo kansu.

Yawwa. Titanic.

Titanic, wanda ya nutse a watan Afrilun 1912, injinansa duka sun kai ƙarfin doki 46,000, kuma gudunsa na yau da kullum not 21 ne, ya ɗan ɗara idan an matsa masa. Wato kamar kilomita 40 a awa. Mai Keke Napep ma zai iya jerawa da shi. Kamfanin da ya mallake shi bai ma shiga gasar gudu ba, shi girma da ƙawa ya sa a gaba. A lokacin, zakaran teku wani jirgi ne na kamfanin Cunard mai suna Mauretania, wanda a 1909 ya ƙetare Tekun Atlantika da matsakaicin gudu na not 26, kuma ya riƙe wannan kambu shekara 20 cur, sai a 1929 jirgin Jamus mai suna Bremen ya ƙwace. Gaskiya ne Titanic bai rage gudu ba duk da gargaɗin ƙanƙara da aka aiko masa, wannan laifi ne babba. Amma batun wai yana neman kafa tarihi, ba zai yiwu ba ko da ya so. Injinsa bai kai ba.

Kambun da ake magana sunansa Blue Riband, shuɗin ƙyalle ke nan, kuma ana ba jirgin fasinjan da ya fi sauri tsakanin Turai da Amurka. Ku dubi yadda abin ya taso. A 1838 jirgin Great Western ya yi tafiyar cikin kwana 15. Abin da ya canja wasan shi ne wani injiniya Bature, Charles Parsons, da ya kawo injin tabayin: maimakon tururi ya riƙa tura fistin sama da ƙasa, sai a hura shi kan dubban ƙananan fukafukai, su juya sanda kai tsaye, sanda ta juya farfela. A 1897 ya shiga da ɗan jirginsa Turbinia tsakiyar faretin jiragen yaƙin Ingila ba tare da gayyata ba, yana gudun not 34, aka rasa mai kamo shi. Shekara goma bayan nan aka sa irin injin a Mauretania, ƙarfin doki 68,000.

Amma fa ku ji abin da yake ci. Mauretania na ƙone kwal kimanin tan 1,000 a rana. Idan tirela na ɗaukar tan 30, tirela 33 ke nan kullum, kuma duk da shebur mutane ke zuba shi a wuta, a can ƙasan jirgi, cikin zafi da ƙura, yayin da manya ke cin abinci a sama. Duk lokacin da aka ce jirgi ya kafa tarihi, ni waɗannan mutanen nake fara tunawa.

Daga baya aka koma baƙin mai. Faransa ta fito da Normandie a 1935, Ingila ta mayar da martani da Queen Mary a 1936, kowanne ƙarfinsa ya kai doki 160,000, suna ta karɓe-karɓen kambu a wajajen not 30 zuwa 31. Abin ya zama na tutar ƙasa, ba na kasuwanci kaɗai ba.

Sai 1952. Amurka ta fito da jirgin da ta raɗa wa sunan ƙasarta, United States. Tsawonsa mita 302, wato filin ƙwallo uku a jere. Wanda ya tsara shi, William Francis Gibbs, ya zuba alminiyam a saman jirgin don ya rage nauyi, kuma tsoron gobara ya sa ya hana katako kusan gaba ɗaya. A tafiyarsa ta farko, a watan Yulin 1952, ya ƙetare Atlantika cikin kwana 3 da awa 10 da minti 40, matsakaicin gudu not 35.59. A gwaji ya taɓa not 38.32. Ƙarfin injinsa doki 240,000. Har yau babu babban jirgin fasinja irinsa da ya karya wannan tarihi.

To mu dawo kan direbanmu na Roni. Not 35.59 kilomita 66 ne a awa. Ko a gwaji, 71. Daga Kano zuwa Kazaure kusan kilomita 80 ne, ke nan babban jirgin fasinjan da ya fi kowanne gudu a duniya zai yi awa ɗaya da 'yan mintuna a wannan hanya, Golf kuwa ta riga shi shan ruwa a Ɗambatta. Direba ya ci gardama.

Sai dai ga abin da bai lissafa ba. Ita Golf mutum nawa ta ɗauko? Shi wannan gari guda ne yake tafiya, fasinja kusan 2,000, ma'aikata wajen 900, da ɗakunan kwana da kicin da asibiti. Kuma ba ya tsayawa. Ba shingen 'yan sanda, ba gidan mai, ba faci, ba barci, dare da rana kwana uku da rabi a kan gudu ɗaya. Doki 240,000 kuma, idan ka raba da babur mai 8, babura 30,000 ke nan a ɗaure wuri guda. Idan da injin ban ruwa mai 6.5 ne, kusan 37,000. A lissafin lantarki megawat 179 ne, alhali madatsar Kainji gaba ɗayanta an gina ta ne a kan megawat 760. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na Kainji, a cikin jirgi ɗaya, don kawai a juya farfela huɗu.

Me ya sa ake buƙatar wannan mahaukacin ƙarfi don gudun da mota ke yi tana wasa? Nan ne zuciyar maganar, kuma ina roƙon ɗalibanmu na kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu su buɗe kunne.

Duk wanda ya taɓa shiga ruwan dam zuwa ƙugu ya san abin. Ka yi tafiya a hankali, ba matsala. Ka ce za ka yi gudu, sai ka ji kamar an riƙe ka ta baya. Ruwa ya fi iska nauyi sau 800 ko kusa da haka, kuma jirgi ba ratsa shi kawai yake yi ba, ture shi yake yi gefe, yana tayar da igiyar ruwa, kuma kowace igiya da ya tayar mai ne aka ƙone. Ƙa'idar da injiniyoyi ke aiki da ita a taƙaice ita ce: idan kana son ninka gudu sau biyu, ba ƙarfi biyu za ka nema ba, ƙarfi takwas za ka nema. Biyu sau biyu sau biyu. Kuma tunda ka iso a rabin lokaci, man da ka ƙone a tafiyar ya zama ninki huɗu. Shi ya sa daga not 26 na Mauretania zuwa not 35 na United States, ƙarin not 9 kacal, sai da aka tashi daga doki 68,000 zuwa 240,000. Not na ƙarshe shi ne mafi tsada, kamar yadda buhun ƙarshe ke karya jaki.

Yanzu wani zai ce, to mu ina ruwanmu? Mu da ko kogin kirki ba mu da shi, daga Babura zuwa teku ai tafiyar kwana biyu ce. Haka ne. Amma gyaɗar da kakanninmu suka noma a wannan ƙasa ta Kazaure ba a nan ta tsaya ba. Jakuna da raƙuma da manyan motoci suka kai ta Kano, aka tara ta dala-dala, jirgin ƙasa da ya iso Kano tun 1911 ya kwashe ta zuwa Apapa, jirgin ruwa ya wuce da ita Turai. Kuma hanyar da gyaɗa ta bi, mutane ma sun bi ta. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko a 1921 ta teku ya tafi aikin Hajji, ya bi ta Ingila. Talakawa kuwa da suka bi ta ƙasa, ta Chadi da Sudan, wasu shekara da shekaru suna tafe suna ƙwadago, su ma a ƙarshe sai sun hau ruwa sun ƙetare Bahar Maliya kafin su taka Jidda.

Kamfanin da ya riƙe hanyar Liverpool zuwa Legas shi ne Elder Dempster. Jirginsa mafi shahara sunansa Aureol, an ƙera shi a Glasgow, ya fara aiki a 1951. Ku lura, shekara ɗaya ke nan kafin United States, sa'o'in juna ne. Fari ne fat, da bututun hayaƙi ruwan ɗorawa. Yakan taso daga Liverpool, ya tsaya Las Palmas, ya tsaya Firitawun, ya tsaya gaɓar Ghana, sannan ya shigo Apapa. Ɗalibai masu tafiya karatu Ingila, ma'aikatan gwamnati, 'yan kasuwa, Turawan mulki masu tafiya hutu, da wasiƙu, duk shi ne motarsu. Injinsa na dizal ne guda biyu, ƙarfinsu a haɗe bai kai doki 10,000 ba. Gudunsa not 16, kilomita 30 a awa. Tafiyar takan ci kusan mako biyu.

Ku kwatanta. United States ya ninka Aureol gudu sau biyu da 'yan kai, amma ya ninka shi ƙarfin inji wajen sau 25. E, ya fi shi girma nesa ba kusa ba, wannan ma yana cikin lissafi, amma mafi yawan bambancin kuɗin gudu ne.

Na san abin da wasunku za su rubuto: ai raina mu aka yi, an ba Amurka mai gudu, an ba mu mai rarrafe. Ban ce babu raini a zamanin mulkin mallaka ba, akwai shi har a cikin jiragen, a yadda aka raba wa fasinja ɗakuna. Amma a batun inji, ni a ganina lissafi ne. Hanyar New York na da attajirai da za su biya kuɗi mai yawa don su rage kwana ɗaya, kuma ƙasashe huɗu ko biyar ne ke gasa a kanta. Hanyar Legas kusan kamfani ɗaya ne, fasinjan ba su kai ba, kuma jirgin na tsayawa tasha-tasha yana sauke kaya. Wa zai ƙone mai ninki huɗu don ya yi sauri ya je ya jira a tashar gaba? Shi kansa United States ɗin ba kuɗin tikiti ne ya gina shi ba. Gwamnatin Amurka ce ta biya mafi yawan kuɗinsa, da sharaɗin idan yaƙi ya tashi za a mayar da shi jirgin ɗaukar soja 14,000. Shi ya sa aka ɓoye ainihin gudunsa shekaru da yawa a matsayin sirrin soja.

Kuma a nan ne gudu ya tashi daga abin alfahari ya koma batun rai. A Yaƙin Duniya na Biyu, jirgin yaƙin Jamus mai nutso yana yin not 17 a saman ruwa, idan ya nutse kuma bai wuce 7 ko 8 ba. Jirgin da ke gudun not 28 ko 30 ya fi ƙarfinsa, ba zai iya bin sa ba balle ya saita shi. Saboda haka Queen Mary ya riƙa ƙetare teku shi kaɗai, yana tafiyar maciji, kuma a 1943 ya taɓa ɗaukar mutum 16,683 a tafiya ɗaya. Umarnin da aka ba shi shi ne kada ya tsaya ko me ya faru. A watan Oktoban 1942 ya bi ta kan wani jirgin yaƙin Ingila mai rakiyarsa, Curacoa, ya raba shi biyu, kuma bai tsaya ceto ba. Mutum fiye da 300 suka mutu.

A cikin wannan watan dai, ranar 29 ga Oktoban 1942, jirgin Elder Dempster mai suna Abosso, wanda kafin yaƙi shi ne babban jirgin hanyar Afirka ta Yamma, yana tafe shi kaɗai zuwa Liverpool. Gudunsa bai kai not 15 ba. Jirgi mai nutso ya same shi. Cikin mutum 393 da ke ciki, 31 ne suka rayu. Kafin shi, a 1940, kamfanin ya riga ya rasa Accra da Apapa. Aureol da muke magana a kai, cike gurbin waɗannan aka yi da shi.

A cikin irin wannan teku aka ɗebi samarin Arewa a 1943 da 1944, runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka nufi Indiya da su, daga can zuwa yaƙin Bama. Da yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ya fi tafkin garinsu ba. Ina yaro akwai wani tsoho a unguwarmu da ake ce wa ɗan Bama. Mu yara labarin harbi muke so, shi kuma kullum labarin jirgi yake komawa: amai, da zafin ƙarƙashin jirgi, da yadda za ka kwana ka tashi ka duba gabas da yamma ba ƙasa ba bishiya. A lokacin muna ganin ya kauce wa tambaya ne. Allah Ya jiƙansa.

Me ya kashe gasar? Jirgin sama. A watan Oktoban 1958 jiragen sama masu injin jet suka fara jigilar fasinja tsakanin Turai da Amurka. Abin da United States ke yi a kwana uku da rabi, ana yin sa tsakanin Asuba da La'asar. Duk dokin da ka ƙara a inji ba zai rufe wannan rata ba. A 1969 aka ajiye United States, yana da shekara 17 kacal a bakin aiki. Ya yi kusan shekara 30 yana tsatsa a Philadelphia, sai a watan Fabrairun 2025 aka ja shi zuwa Alabama da shirin nutsar da shi a gaɓar Florida ya zama gidan kifaye. Queen Mary yana California, ya koma otal. Wanda ya rage a wannan hanya shi ne Queen Mary 2, da ya fara aiki a 2004. Yana iya kusan not 30, amma da gangan yake yin kwana 7, tunda wanda ya hau shi ba sauri yake yi ba.

Jiragen kwantena ma, masu kawo mana waya da sola da atamfa da kayan gyaran babur, haka suke. Wasunsu na ɗauke da injin dizal mai ƙarfin doki sama da 100,000, inji ɗaya ya kai tsayin bene mai hawa huɗu, amma tun tashin farashin mai na 2008 kamfanoni suka koma rage gudu da gangan, saboda wancan lissafi na biyu sau biyu sau biyu yana aiki ta baya ma: ka rage gudu kaɗan, mai ya ragu da yawa. Don haka idan ɗan kasuwar Kantin Kwari ya ce maka kaya na kan ruwa, mako shida ana jira, wani lokacin ba ƙarya yake yi ba.

Saura Aureol. Ya yi shekara 23 yana zirga-zirga, ya ga mulkin mallaka, ya ga 'yancin kai a 1960, ya ga yaƙin basasa. A 1974 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe daga Legas, shi ke nan aka rufe wannan hanya ta fasinja. Wani attajirin Girka ya saye shi, ya canja masa suna zuwa Marianna VI. Kun san ina aka kai shi? Jidda. Aka ɗaure shi a tasha ya zama masaukin ma'aikata. Wato a shekarun da alhazanmu ke tashi daga filin jirgin saman Kano suna sauka Jidda cikin 'yan awoyi, tsohon jirgin Legas na nan gefe a bakin ruwa, injinsa a kashe. Sai a 2001 aka yanka shi a Turkiyya aka sayar da ƙarfen, shekara 50 bayan ƙera shi.

Ga roƙona kafin mu rabu. Idan a gidanku, a Kazaure ko Babura ko Roni ko Gwiwa, akwai dattijo ko dattijuwa da suka taɓa hawa jirgin ruwa, ko zuwa Hajji ta Sudan, ko karatu, ko soja, ko kuma suka ji labarin daga bakin iyayensu, ku zauna da su ku kunna rikoda a waya. Ku tambaye su kwana nawa suka yi a ruwa, me suka ci, a ina suka kwana. Ku nemi izininsu, in sun yarda ku turo mana ta akwatin saƙo, za mu haɗa shiri guda a kai.

Shi kuma direbanmu na Roni, shayin gobe a wuyana yake, tunda ya ci gardama. Sai mun haɗu a shiri na gaba. Wassalamu alaikum.